Rigar Da Almakashi Bai Taɓa Ba

A unguwar Komah ta garin Sokode, a ƙasar Togo, in ka wuce masallacin da ke bakin layin mahauta ka karya hagu, akwai wani shago mai koren ƙyaure da kekunan ɗinki biyar a jere. Shagon Bara'atu tela ne. Wanda ya shiga, kafin ya ga kekunan ko rigunan da ke rataye, abin da idonsa zai fara sauka a kai shi ne wani labule mai kauri da ya raba ɗakin biyu. A gaban labulen ake awo, ake ɗinki, ake guga, ake gulma. Bayansa kuwa tebur ne da alli da almakashi, kuma shekara ashirin da bakwai ke nan babu wanda ya taɓa ganin Bara'atu tana yanka.

'Yar Alidu mahauci ce, jikar fataken goro da suka yada zango a garin tun da daɗewa har suka manta hanyar komawa. Tana da shekara goma sha huɗu aka kai ta koyon ɗinki wajen wata mata da ba ta da fara'a ko ta sisin kwabo. Wannan matar ita ma a ɓoye take yanka, ta juya wa yara baya, don haka aka saba a sana'ar. Za a koya maka taka keke, da kalmasa, da sa maɓalli, amma yanka sai in ka sato da ido. Bara'atu ta sato. Ta hudar ƙyaure ta koyi yadda ake fitar da hammata da wuya, ta sha dukan sandar awo a kai. Da ta buɗe nata shagon, abin da ta fara saya bayan keke shi ne labule, kuma ba ta taɓa jin ta yi wani laifi ba.

Gaskiya dai a faɗa, ta iya. In mace ta kawo mata atamfa ko leshi, ba ta fara ɗaukar tef. Sai ta ce da ita ta taka zuwa ƙofa ta dawo, ta zauna a kan 'yar kujera, ta ɗaga hannu kamar za ta sauke kaya daga ka. Tana cewa tef ƙugu kawai yake gani, ita kuwa mutum take ɗinka wa. Ranar kasuwa takan bar shago ta je ta zauna a rumfar wata ƙawarta mai sayar da daddawa, ba don hira ba, sai don ta kalli yadda zane ke faɗuwa a jikin mata in sun hau zemijan, wato babur ɗin haya, da inda riga ke ɗaure su in sun sunkuya. Wuyan rigar da ya sa ta yi suna, wanda har yau ake ce wa wuyan Bara'atu, daga tagar masallacin unguwarsu ta ɗauko shi, wata Juma'a da ta ɗaga kai tana jiran mijinta ya fito. Aibinta ɗaya, ba ta iya jin an yabi ɗinkin wani a gabanta ba. Ko tela na Lome aka ambata, sai ta taɓe baki ta ce a juya mata rigar ta ga cikinta.

Cikin yaran da suka bi ta hannunta, ɗaya ce ta hana ta sakat. Lailatu sunanta, 'yar wani direban babbar mota mutumin Nijar da ya zauna a Sokode. Siririya ce, ba ta da yawan magana, amma hannunta ba ya zama haka kawai. Ƙyallayen da ake sharewa a zubar, ita sai ta tsince su, ta ninke wannan, ta soke wancan da allura a jikin gwiwarta. Wata rana wata mai kawo ɗinki ta ɗauki irin wannan wasan nata ta ce da Bara'atu, wadda ake kira Patiron kamar kowace mai shago a garin, “Kai, Patiron, yarinyar nan taki za ta fi ki.” Da wasa ta faɗa. Bara'atu ta yi dariya tare da kowa, amma washegari ta sa aka ƙara wa labulen wani yadi a ƙasa, don dā ana iya hango ƙafar tebur.

Shekara uku ake yi a koyo, sannan a yi wa yarinya bikin sallama, wanda suke ce wa liberasiyo, a ba ta takarda da albarka. Lailatu shekara biyar ta yi. Kullum akwai dalili: yau kalmasarta ta karkace, gobe aiki ya yi yawa. A shekara biyar ɗin nan ba ta taɓa riƙe almakashin yanka ba, sai ƙaramin na datse zare. Da ubanta ya gaji ya turo dattawa, aka yi bikin, Bara'atu ta sa mata albarka da baki. Ba a jima ba aka aurar da ita ga wani ɗan kasuwa mai kai kaya Cinkasse, suka tare a Dapaong, can arewa. Bara'atu ta yi ajiyar zuciya. A ganinta telar da ba ta iya yanka ba iyakarta facin wando.

Shekara takwas shiru. Daga nan sunan ya fara dawowa ta cikin wayoyin mata. Mace za ta shigo da yadinta, ta zauna, ta shafa waya ta miƙo: “Patiron, dubi wannan model ɗin, na Lailatu Dapaong ne.” Riguna ne na saƙi, irin fallayen nan siri-siri masu faɗin tafin hannu da masaƙa ke fitarwa, waɗanda a sanin Bara'atu iyakarsu zane da mayafi da rigar tsofaffi. Amma a hoton sai ka ga saƙin ya bi jiki, ya kama ƙugu, ya buɗe a ƙasa, babu tauri babu kumburi. Bara'atu takan kalla da gefen ido ta ce, “Ni na koya mata riƙe allura.” In mai wayar ta fita, sai ta kasa cin abincin rana. Ta gwada sau uku a bayan labule, ta yanka saƙi mai kyau ta kowace fuska, gefensa ya zare, rigar ta tsaya ƙiƙam kamar buhun gawayi. Ta cusa su ƙarƙashin tebur ba ta gaya wa kowa ba. Kishi ne, kuma ta san kishi ne, don ko a sallah sai ta tsinci kanta tana lissafa inda yarinyar ta sa almakashi.

Duk wannan da sauƙi, da ba a taɓa gidan Hajiya Shetu ba. Hajiya Shetu babbar 'yar kasuwa ce a Komah, kuma tun Bara'atu na da keke ɗaya ita ke yi wa gidan ɗinki. Kayan suna, kayan Sallah, ankon biki, rigunan amaren 'ya'yanta huɗu, duk daga bayan labulen nan suka fito. Matan unguwa kuwa inda Hajiya ta kai yadinta nan suke kai nasu. In Bara'atu ta rasa gidan nan, ta san abin da ya rage mata a Komah bai wuce koren ƙyaure ba. Da auren Mas'uda, autar Hajiya, ya taso, aka kawo mata anko na mutum arba'in. Ta jira a kawo yadin amarya. Ba a kawo ba. A bakin mai daddawa ta ji cewa amarya da kanta ta hau mota zuwa Dapaong tun wata biyu da suka wuce.

Saura kwana huɗu biki, da hantsi, sai ga Hajiya Shetu da Mas'uda da wata jaka. Hajiya ta zauna tana fifita da gefen mayafi, tana kauce wa idon Bara'atu.

“Bara'atu, yaran zamani ne, kin san su. Ta nace sai wancan ɗinkin. To ga shi an tsare ta a ɗaka ana ta ɗura mata fura da nono, ta yi jiki, rigar ta ƙi shiga a ƙugu. Yatsa biyu kawai za ki buɗe mata.”

Mas'uda ta dubi Bara'atu ta ce, “Inna, mun buga wa Lailatu waya, ita ta ce mu kawo miki. Ta ce ai ke kin san komai.”

Bara'atu ta ji maganar har cikin haƙoranta. Ta ce su dawo jibi. Suna fita ta ɗauki jakar ta shige bayan labule.

Rigar ta fi hoto. Saƙi ne baƙi-shuɗi da ratsin fari da ɗan ja, mai nauyi a hannu, amma da ta ɗaga ta sai ta zubo sumul. Ta juya cikinta, kamar yadda ta saba yi wa ɗinkin kowa don ta samu abin kushewa, ba ta samu ba. Ninki ne a kan ninki, an kama su da ɗinkin hannu ƙanana. Ta ɗauki reza ta farke ɗinki ɗaya a ƙugu, wanda dama shi aka kawo ta yi. Sai zuciya ta ce mata, in ta ƙara buɗe na kusa da shi za ta ga yadda aka yanko ƙugun. Ai duk tela ya san wannan hanya: ka farke riga, ka shimfiɗa gutsattsarinta a kan takarda, ka zana da alli, ka mayar ka ɗinke, mai riga bai sani ba, kai kuwa ka mallaki yankan har abada. Ta yi haka da rigunan Abijan, ta yi da na Dakar. Ta buɗe na biyu, ba ta ga yanka ba. Ta buɗe na uku. Aka kira azahar ba ta ji ba.

Kafin la'asar babu riga. Abin da ke kan teburin fallayen saƙi ne guda ashirin da uku, miƙaƙƙu, tsawonsu ɗaya, kowanne da gefensa yadda masaƙi ya bar shi. Babu hammata, babu wuya, babu ƙugu. Almakashi bai taɓa ko ɗaya ba. Duk siffar rigar a cikin ninkin take da ɗinkin da ya riƙe shi, kuma shi ne ta bi da reza ɗaya bayan ɗaya ta cire. Ko sawun ninkin ba ta samu ta bi ba, don saƙi ba ya riƙe karin guga kamar atamfa. Ta zauna a ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba a shagonta, gumi na bin bayanta. Sauran yinin da washegarinsa duka ta yi tana haɗawa tana warwarewa. Abin da ya fi kyau a cikin abin da ta haɗa ya yi kama da rigar limami.

Ta yi tunanin ƙarya iri-iri. Ta ce ko ta ce dutsen guga ya ƙona, ko ta ce dama ɗinkin ba shi da ƙwari ya zube da kansa. Wannan ta biyun ta yi mata daɗi a baki, don za ta ɓata sunan Lailatu a Komah gaba ɗaya. Amma amarya za ta fita da me? Kuma Hajiya Shetu ba yarinya ba ce, ta san bambancin ɗinkin da ya zube da wanda aka bi da reza. Da gari ya waye, saura kwana biyu, Bara'atu ta aika wa Hajiya cewa aikin na son ƙarin kwana ɗaya, ta naɗe fallayen a cikin zane, ta nufi tasha.

Tafiyar Dapaong ba kusa ba ce. Suka hau duwatsun Aledjo motar na nishi, suka wuce Kara, suka tsaya a Mango aka ci abinci ita ba ta ci ba. Itatuwa suka yi ta raguwa, ƙasa ta yi fili. Duk hanya tana shirya abin da za ta faɗa, kowane shiri kuma da “ni na koya miki” yake farawa. Ɗan zemijan ɗin da ta tare a tasha ko kwatance bai nema ba. Tana cewa Lailatu ya ce, “Mai saƙi? Hau, Mama.” Wannan ma ya ƙona mata rai.

Shagon rumfa ce babba, buɗe ta gaba da gefe, kusa da inda wasu matan ƙabilar Moba ke saƙa a ƙarƙashin bishiya. Babu labule ko na taga. Lailatu na tsakiya, ta yi jiki, da allurai a gefen baki, tana ninke saƙi a jikin wata mata, masu koyo kewaye da ita suna kallo har suna sa hannu. Da ta ɗago ta ga mai shigowa, sai ta zubar da alluran a tafinta ta durƙusa har ƙasa.

“Patiron! Ke ce da kanki? Maraba, maraba. Ku kawo ruwa, ku kawo kujera, uwata ce a sana'a.”

Bara'atu ta so a ce ta yi mata rashin kunya, da ta samu abin riƙewa. Ba ta sha ruwan ba. Ta kwance zanen a kan tebur, fallaye ashirin da uku suka zube. Duk abin da ta shirya a mota ya gudu. Lailatu ta daɗe tana kallonsu. Ta ɗauki ɗaya ta shafa gefensa, ta ciro wani guntun jan zare da ya maƙale.

“Wannan zaren, Patiron, shi kaɗai za ki ja. Na san amarya na ƙiba, na bar mata ninki biyu a ƙugu. Da kin ja shi da ta buɗe da kanta.”

“Na gani,” in ji Bara'atu, alhali ba ta gani ba. Sannan abin da ya ci ta shekara da shekaru ya fito da kansa, da kaushi. “Wa ya koya miki wannan? Ba a shagona kika gan shi ba.”

“A shagonki ne.” Lailatu ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma yi murmushi ba. “Na zo garin nan da takarda a hannu, ban iya yanka ba. Matar farko da ta kawo mini leshi, na lalata mata shi, na yi kwana uku ina kuka. Kullum in na ɗauki almakashi sai in ga labulen nan naki. Sai na zauna ina kallon matan can masu saƙa, ina ganin yadda suke yafa falle a kafaɗa su soke a ƙugu, ya zauna daram ba a yanka ba. Na ce to, abin da na iya ke nan tun ina tsintar ƙyalle, ninki da allura. Da kin koya mini yanka, Patiron, da yanzu ina nan ina fitar da wuyan Bara'atu kamar kowa.”

Babu zagi a ciki, kuma shi ya sa ya yi ciwo. Bara'atu ta dubi fallayen. Ashe abin da ya hana ta barci, abin da ya ɗauke mata amaryar gidan Hajiya, ita ta ƙera shi da hannunta, da yadi ɗaya na labule.

Lailatu ta kira wata mai jiki irin na Mas'uda ta tsaya, ta ce a matso da benci. Babu wani wurin zama kusa sai bencin masu koyo, nan Bara'atu ta zauna, mace mai shekara hamsin da ɗoriya, gwiwarta na gugar ta 'yan mata. Lailatu ta ɗora falle na farko a kafaɗa, ta ninka, ta soke, tana faɗin dalilin kowane ninki da ƙarfi don kowa ya ji. Ba ta ɓoye komai ba. Da aka zo ɗinkin hannu ta miƙo wa Bara'atu allura ba tare da ta dube ta ba, Bara'atu kuwa ta karɓa. Hannunta ya fi na kowa sauri a wurin, ta san da haka, ta kuma lura babu wanda ya kula. Kafin magariba rigar ta dawo riga, da yatsa biyu a ƙugu.

Da safe Lailatu ta raka ta tasha ta riƙe mata jakar. Ta ce babu wanda zai ji daga bakinta. Bara'atu ta ce Allah ya yi albarka, kuma a wannan karon ba ta san ko da baki ta faɗa ko da zuciya ba.

Ranar biki Mas'uda ta fito, mata suka yi guɗa har makwabta suka leƙo ta katanga. Hajiya Shetu ta kamo hannun Bara'atu a gaban jama'a tana cewa, “Kun gani? Ɗinkin Dapaong ma sai da ya bi ta hannun Bara'atu ya zauna. Ta fi yadda aka kawo ta kyau!” Bara'atu ta yi murmushi ta karɓi yabon, ta haɗiye shi da ƙyar. Gidan Hajiya bai kuɓuce mata ba. Amma tana tsaye tana jin abin da matan ke tambaya a bayanta, kuma ba ankon mutum arba'in da ta ɗinka suke tambaya ba.

Bayan sati ɗaya, da hantsi, wata 'yar ƙabilar Kotokoli mai sayar da doya ta shigo shagon da fallayen saƙi a ƙunshe a ka. Ta sauke, ta gaishe ta da Hausarta ta kasuwa.

“Patiron, ɗinkin Lailatu nike so. An ce kai ma ka iya.”

Kekuna biyar suka tsaya cak. Shekara ashirin da bakwai mata na shigowa ƙofar nan suna neman wuyan Bara'atu, yau an zo neman sunan wata a bakinta. Bara'atu ta dubi labulen, ta dubi fallayen. Wannan ɗinki a jikin mutum ake yinsa, a tsaye, a fili, babu yadda za a kai shi bayan labule.  Ta ɗebi allurai ta sa a gefen baki, ta ɗauki falle na farko.

“Taka zuwa ƙofa ki dawo,” ta ce da matar, sannan ta juya ga yaran shagon. “Ku kuma ku matso, ba zan maimaita ba.”